Masaukin Baƙi na Matan Zumunta a Hanyar Kachako: Abin da Na Gani

A daminar bara na ɗauko mahaifiyata daga ƙauyenmu da ke kusa da Birnin Kudu zan kai ta Asibitin Ido na ECWA da ke Sabon Gari a Kano, domin cutar yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan kuma ya fara dushewa. Tun kakanninmu ake zuwa wannan asibiti, wanda 'yan wata ƙungiyar mishan mai suna SIM suka buɗe a 1943, saboda haka Iya ta ce in ba can ba babu inda za ta je. Mun wuce Kachako ke nan, ba mu kai Wudil ba, motar hayar da muka shiga ta mutu ana dab da magariba, ga hadari ya haɗo daga gabas. Wani mai faci a bakin titi ne ya nuna mana wata 'yar hanya, ya ce akwai majami'a a cikin ƙauyen, kuma matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'ar, suna da ɗakunan saukar baƙi.

Ɗakuna uku ne na bulo da rufin kwano a bayan gidan fasto. A wanda aka ba mu akwai gado da katifa, da gidan sauro wanda aka ɗinke hujojinsa da zare, da fitila mai cajin hasken rana, da randa cike da ruwa an rufe ta da faifai. Zanin gadon ya tsufa amma wankakke ne, yana ƙanshin sabulu. Na sha kwana a masaukan kuɗi a birni, kuma ina iya cewa tsabtar wannan ɗaki ta fi ta da yawa daga cikinsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda uwar zumunta, wato shugabar matan, ta karɓe mu. Ba ta tambaye mu ekkilisiyarmu ba, ba ta nemi takarda daga fastonmu ba, ba ta ma tambayi addininmu ba sai da hira ta kawo. Da ta lura Iya tana lalube da ƙafa, sai ta kama hannunta ta ce, "Sannu da hanya, Yaya, taka a hankali, akwai dakali a nan." Ta ɗora hannun Iya a kan bakin kwanon tuwo, ta nuna mata inda miya take, sannan ta zauna kusa da ita har ta gama ci. Tuwon dawa ne da miyar kuka wadda ta ji daddawa, da safe kuma aka kawo koko da ƙosai masu zafi. Direbanmu Musulmi ne, kuma kafin ya buɗe baki wani saurayi ya kawo masa buta da tabarma ya nuna masa gabas. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, mu kuwa a daren nan an yi mana duka biyun.

Ba a yanka wa baƙo kuɗi. Akwai ƙaramin akwati a ƙofa, wanda yake da hali ya saka, wanda ba shi da shi ya tafi da addu'a. Da na tambayi wani dattijon ekkilisiya yadda suke riƙe wurin, sai ya kai ni wani rumbu inda ake tara dawa da gero da wake daga baikon godiya na kaka. Daga nan ake ciyar da baƙi, daga nan kuma ake auna wa gwauraye da marayu na cikin ekkilisiya a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Ya ce da dare ake kai musu, domin kada maƙwabta su gani mutum ya ji kunya. Ya tuna mini da Ibraniyawa 13:2, inda aka gargaɗe mu kada mu manta da karɓar baƙi domin ta haka waɗansu suka sauki mala'iku ba da saninsu ba, da Galatiyawa 6:10, wadda ta ce mu kyautata wa kowa, musamman 'yan'uwa masu bi. Na ga sun riƙe ayoyin nan biyu tare, ba su bar ɗaya ta danne ɗaya ba.

Akwai abubuwan da suke bukatar gyara, kuma ina faɗarsu ne da ƙauna. Bayan gida yana da nisa da ɗakunan, hanyar kuma ba ta da fitila, abin da ya wahalar da Iya ƙwarai cikin dare da taɓo. Sakatar ƙofarmu ta saki, sai da na tokare ta da kujera. Wanda ya fi damuna shi ne, mata huɗu ko biyar ne na ga suna ɗebo ruwa, suna daka, suna girki, suna wanki, bayan sun yini a gona. Ya kamata zumuntar maza da matasa su ɗauki nauyin ruwa da itace, domin kada matan nan su gaji su bari.

Ina ba duk wanda dare ya yi masa a wannan hanya shawarar ya nemi wurin, ya kuma saka abin kirki a akwatin idan yana da hali. Bayan an yi wa Iya aiki an cire mata bandeji, ita ce ta nace mu tsaya a hanyar komawa, domin ta ce tana so ta ga fuskar matar da ta nuna mata kwanon miya. Mun kai musu sabuwar sakata da gidan sauro biyu, muka tarar da wani Bafulatani da ɗansa marar lafiya a ɗakin da muka kwana.