Intalok, Kankare ko Tsakuwa: Wanne Za Ka Shimfiɗa a Wurin Ajiye Mota?

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Kano ko Kaduna bayan ruwan watan Agusta ya ga irin wannan: gida mai kyau, get mai tsada, amma daidai inda tayoyin mota ke tsayawa intalok, wato bulon daɓe mai sarƙe juna, ya lotsa, ruwa ya kwanta. Mai gida ya yi ta zargin masu buga bulon. Sau da yawa ba laifinsu ba ne. Abin da ke ƙarƙashi ne aka yi wa ha'inci, kuma wannan shi ne abin da nake so ka riƙe kafin ka zaɓi komai.

Kowane iri za ka shimfiɗa, sai an kwashe ƙasar sama mai taushi da saiwoyi, an yi ciko da burji ko dakakken dutse kaurin santimita 10 zuwa 15, an yayyafa ruwa, an bi shi da injin daɓe. Injin, ba lebura da guntun katako ba. Idan cikon mai zurfi ne, a riƙa zuba shi kashi-kashi ana daɓewa. Filin da ƙasarsa laka ce, mai kumbura da damina ta tsage da rani, yana buƙatar ciko fiye da haka. Sannan gangara: kamar santimita 2 a kowace mita, ta nufi kwata, ba gindin katanga ba. Ka tsaya da kanka a zuba bokitin ruwa ka ga inda ya bi. Kuma ka san inda sokawe da bututun ruwa suke kafin a rufe su, don murfin sokawen da ba a yi shi domin ɗaukar nauyi ba bai kamata mota ta hau shi ba.

Intalok shi ne zaɓina ga yawancin gidaje, saboda dalili ɗaya babba: yana gyaruwa. Bututu ya fashe, a ɗaga 'yan bulo, a gyara, a mayar. Amma ka lura da kauri. Mai milimita 60 ya ishi ƙananan motoci. Idan tankar ruwa ko tifa za ta riƙa shiga gidan, mai 80 za ka saya. Akwai wanda inji ke matsewa, akwai wanda ake zubawa a mazubin roba. Na roba ya fi sheƙi da ɗaukar ido, sai dai ingancinsa ya rataya ne a kan amanar mai bugawa, kuma idan an rage siminti fuskarsa kan soma zagwanyewa. Je inda ake bugawa. Ɗauki guda biyu ka gwara su: mai kyau yana ƙara tsaf, marar kyau gefensa zai marmashe a hannunka. Kada ka karɓi wanda aka buga shekaranjiya.

Wajen shimfiɗawa, yashin da ke ƙarƙashin bulon kada ya wuce santimita 3 zuwa 4. Masu aiki kan tula yashi don su ɓoye rashin daidaiton ciko, daga nan lotsawa ke farawa. Dole a ɗaure gefe da kankare, in ba haka ba juyin taya zai riƙa tura bulon waje har tsakiya ta buɗe. A ƙarshe a share busasshen yashi ya cika tsakanin bulon, a sake bi da inji. Ledar da ake shimfiɗawa a ƙasa don hana ciyawa ba na goyon bayanta: tana tare ruwa a cikin yashi, ciyawar kuma ta sama take tsirowa, daga irin da iska ke zubawa a tsagogin.

Kankare ya fi dacewa da wanda ba ya son ciyawa ko kaɗan, kuma ya tabbata ba zai sake tona wurin ba. Kaurin santimita 10 ga ƙananan motoci, 15 ga masu nauyi, da ragar rodi a ciki. Haɗin da aka saba shi ne buhun siminti ɗaya, yashi kwanon lebura huɗu, tsakuwa kwanon lebura takwas. Kurakuransa biyu ne: cika ruwa a kwaɓi don ya yi sauƙin bajewa, da zuba fili guda ba tsagi. A raba shi duk bayan kamar mita 3, a yi masa ban ruwa kwana 7 aƙalla, musamman da hunturu ko zafin Afrilu, lokacin da yake bushewa kafin ya yi ƙwari. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, don haka babbar mota ta dakata. Kada a goge fuskarsa sumul kamar daɓen ɗaki. A ja tsintsiya a kai don hana santsi.

Kwalta ba ta cika dacewa da ƙaramin fili ba. Tana buƙatar manyan injuna, kuma fetur da gas da ke ɗiga daga mota suna narkar da ita.

Idan kuɗi sun yi kaɗan, ka yi ciko da gangara da ɗaurin gefe yadda ya kamata, ka baza tsakuwa ka ci gaba da ajiye motarka. Bayan damina ɗaya ko biyu ƙasar ta zauna, sai ka kwashe tsakuwar ka ɗora intalok. Mota ɗaya na son kamar mita 2.5 a faɗi da 5 a tsawo, ka ƙara mata wurin buɗe ƙofa, sannan ka sa mai aiki ya rubuta maka kaurin ciko da na bulo a takardar jinga kafin ka ba da kafin alƙalami.