Fim ɗin Namun Daji ko na Binciken Ƙwaƙwaf?

Fim ɗin namun daji, irin wanda ake ɗauka a Serengeti ta ƙasar Tanzaniya, yana nuna yadda garken jakunan dawa ke tsallaka kogin Mara alhali kadoji suna laɓe cikin ruwa, kuma ya dace a kalle shi tare da yara ƙanana. Na binciken ƙwaƙwaf kuwa yana tayar da hankali matuƙa, amma yakan kawo gyara, domin jim kaɗan bayan binciken da BBC ta fitar a 2018 kan yadda matasa ke shan maganin tari mai kodin, gwamnatin Najeriya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi. A ganina, iyayen da ke da samari a gida su fara da wannan na biyun.