Hattara masu kaɗa jita: ana sayar da fedar eko ta jabu da sunan analog

Jama'a, wannan sanarwa ce ga duk mai kaɗa jitar lantarki, ko a coci yake yi, ko a situdiyo, ko a wurin biki. Akwai wani mutum da ke tallar kayan kiɗa a Facebook da WhatsApp, yana sauya sunan shafinsa lokaci zuwa lokaci, kuma abin da ya fi kama mutane da shi ita ce fedar eko, wato ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa ya riƙa maimaita sautin jita, wadda ake rubuta Delay a jikinta. Yana cewa tasa analog ce ta asali, gwanjo daga Japan ko Amurka, kuma kuɗinta bai kai rabin na kasuwa ba. Ni sana'ata gyaran amfilifaya da kayan sauti ce, kuma an kawo mini irin waɗannan fedoji na buɗe su da hannuna. Abin da ke ciki ba shi ne abin da aka biya kuɗinsa ba. Ba zan kama suna ba, domin gobe ma wani sunan zai ɗauka. Hanyar da yake bi ce ya kamata ku gane.

Yana ɗora hoton Boss DM-2, jar fedar nan mai ratsin ruwan hoda, ko kuma MXR Carbon Copy mai koren fenti. Hotunan masu kyau ne saboda ba nasa ba ne, daga shafukan saye da sayarwa na waje irin su Reverb da eBay yake kwaso su. Da ka yi magana sai ya ce saura guda ɗaya, wani daga Jos ma ya riga ya nema, ka tura kafin alƙalami ya ajiye maka. Lambar asusun da zai ba ka da sunan wani daban take, sai ya ce ta ƙaninsa ce. Bayan an ga alat sai a ce ka ƙara kuɗin mota, wani lokaci har da wai kuɗin kwastam. Wasu daga nan shi ke nan, an toshe lambarsu. Wasu kuwa kayan na isowa tasha, kuma su ne suka fi ba ni tausayi, domin sukan yi watanni suna zaton sun yi sa'ar ciniki.

Kafin ku gane inda cutar take, dole in ɗan yi bayanin abin da ake nufi da analog a nan, don da rashin sanin wannan yake cin kasuwarsa.

Fedar eko ta analog tana aiki ne da wani aisi, wato ɗan ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu da ake dasawa a allon cikin na'ura, da ake kira BBD. Injiniyoyin kamfanin Philips ne suka ƙirƙiro shi a 1969. A cikinsa akwai dubban ƙananan ma'ajiyoyin caji a jere, sautin jitarka yana shiga na farko, ya miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku, kamar yadda mutanen unguwa ke jeruwa suna miƙa wa juna bokitin ruwa idan gobara ta tashi. Kafin sautin ya kai ƙarshen layi an ɗan ɗauki lokaci, wannan jinkirin shi ne ekon da kake ji. Kuma a kowane miƙo wani abu yana zuba, shi ya sa maimaicin ke fitowa da ɗan duhu da taushi, yana narkewa a bayan kiɗan ba tare da ya yi gogayya da abin da kake kaɗawa ba. Abin da masu jita ke biyan kuɗi dominsa ke nan. Fitaccen aisi a wannan fanni shi ne MN3005 na Panasonic, mai matakai 4,096, sai ƙaninsa MN3205 mai aiki da ƙaramar wuta. Panasonic ta daina ƙera su tuntuni, shi ya sa tsofaffin suka yi tsada, har wasu kamfanoni kamar Coolaudio da Xvive suka shiga yin sababbi a madadinsu.

To ga inda lissafi ke tona asirin maƙaryaci. Aisi ɗaya mai matakai 4,096 ba ya iya riƙe sauti da daɗewa. Boss DM-2, wadda ta fito a 1981, iyakarta milisakan 300 ne, wato ƙasa da sulusin daƙiƙa. Ibanez AD9 ma 300 ne. Deluxe Memory Man ta Electro-Harmonix sai da aka sa mata MN3005 guda biyu kafin ta kai 550, kuma da suka so su kai 1,100 sai da suka jera guda huɗu. Carbon Copy, wadda ta fito a 2008, tana tsayawa ne a 600. Kowane ƙarin lokaci ƙarin aisi ne, ƙarin aisi kuwa ƙarin kuɗi ne. Saboda haka duk wanda ya nuna maka 'yar ƙaramar feda mai arha ya ce analog ce zalla kuma tana kai daƙiƙa biyu, ka san ƙarya yake yi tun kafin ka taɓa ta.

Abin da nake tararwa a cikin kayan mutumin nan shi ne PT2399, wani aisin dijital na kamfanin Princeton Technology na Taiwan, wanda ake sa wa a injin karaoke da ƙananan miksa don ba murya eko. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ina so a fahimce ni da kyau: PT2399 ba mugun abu ba ne. Akwai fedoji masu daɗin sauti da aka gina a kansa, masu su kuma sun faɗi gaskiyar abin da ke ciki, sun sa kuɗin da ya dace. Yaron da yake farawa, irin wannan ta ishe shi shekaru. Zaluncin shi ne a zuba wannan aisin a cikin gwangwani mai tambarin Boss ko MXR a karɓi kuɗin abin da babu shi. Saurayin da ya tara kuɗin wasa na watanni, ko ƙungiyar mawaƙan coci da suka yi karo-karo, su ake yi wa wannan.

Kuma kada wani ya ce kunnensa zai raba masa gardama. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, domin shawarar da ake yawan bayarwa ba ta da amfani a nan. Ana cewa ka saurari maimaicin, idan yana duhu analog ce. PT2399 ma yana duhu, yana ma ƙara datti idan an ja lokacinsa. Ana cewa ka murɗa maɓallin lokaci yayin da eko ke tafiya, idan muryar ta lanƙwashe sama ko ƙasa analog ce. PT2399 ma yana yin haka. Ana cewa ka ƙure maɓallin maimaici, idan ta fara kuka da kanta analog ce. Shi ma yana yi. Mutumin nan ya san duk wannan, shi ya sa ba ya jin tsoron turo maka bidiyon sauti. Ga shi kuma a lasifikar waya kake saurare.

Hujja ɗaya ce tabbatacciya: a kwance sukurori a duba allon ciki. PT2399 ƙafa 16 gare shi kuma lambar tana rubuce a bayansa. MN3005 da MN3205 dogaye ne amma ƙafa 8 kawai gare su, huɗu a wannan gefe huɗu a wancan, tsakiyar babu komai. Kuma BBD ba ya zama shi kaɗai, za ka ga ƙaramin aisin agogo kusa da shi, MN3101 ko MN3102 ko makamancinsu, sau da yawa da wani mai lamba 570 ko 571 da ke rage shuuu ɗin hayaniya, da wasu ƙananan maɓallan saiti da ake murɗawa da bakin sukudireba. Allon analog a cike yake. Idan ka buɗe ka ga fili fetal da aisi biyu ko uku, an goge lambar ɗaya da sanfefa ko an ɗiga masa baƙin gam, to ka samu amsarka. A sababbin fedoji kayan ƙanana ne ƙwarai, karanta su sai da madubin ƙara girma, don haka ka je da mai gyara.

Akwai wata damfarar a cikin damfara, wadda ta fi shafar 'yan'uwana masu gyara. Ana ɗaukar MN3008, mai matakai 2,048, a goge bayansa a buga MN3005. Zai yi aiki, eko zai fito, amma rabin lokacin da ya kamata. Wani lokaci idan ka shafa tinar fenti a auduga ka goga, rubutun sai ya bi audugar. Gwajin lokaci kuwa kowa zai iya yi da waya: ka sauke manhajar metronom, mai yin bugu daidai adadin da ka sa mata a minti, ka ƙure maɓallin lokaci na fedar, ka bugi tsirkiya ɗaya ka danne ta. Milisakan 300 daidai yake da bugu 200 a minti, 600 kuwa bugu 100 a minti. Idan abin da aka ce Carbon Copy ce maimaicinta yana gudu ninki biyun bugu 100, akwai magana.

Game da DM-2 musamman: an daina yin ta a 1984, kuma duk a Japan aka yi ta. Wanda ya ce yana da katan guda sababbi fil a leda, tambaye shi inda suka kwana fiye da shekara 40. Maɓallanta uku ne, Repeat Rate da Echo da Intensity. Wadda Boss ke yi yanzu ita ce DM-2W ta jerin Waza Craft, da ta fito a 2014, tana da ƙaramin makunni na zaɓi tsakanin tsohon sauti da sabon da ke kai milisakan 800. Idan hoto ya nuna ɗaya, bayani ya faɗi na ɗayar, mai tallar bai taɓa riƙe kayan ba.

Sai dabararsa ta ƙarshe. Idan ka koma masa da ƙorafi, zai ce kai ka ƙona ta da adafta. Yana fakewa ne da wata gaskiya: yawancin fedoji bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar filoginsu negatib ne, saɓanin adaftocin da muka saba da su a gida, wanda kuma ya sa ba daidai ba zai iya lalata feda. Amma adafta ba ta mayar da MN3205 ta koma PT2399. Ka ɗauki bidiyo tun daga lokacin da kake yage kwalin, ka fara gwadawa da batir.

Ga wanda yake shirin saye, ko a Kaduna yake, ko Kano, ko Yamai, ko Agadas inda jita ta zama abin biki: kada ka tura ko kwabo kafin kayan su zo hannunka ko hannun wanda ka yarda da shi. Idan nesa ce, ka nemi kiran bidiyo kai tsaye, ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da fedar, ya juya ta ka ga lambar da ke jikinta, ya kwance murfin a gabanka. Mai gaskiya ba zai ƙi ba, minti biyar ne. Hoton tallar kuma ka saka shi a Google Lens, sau da yawa za ka gan shi a shafin wani mai sayarwa na wata ƙasa. Ka duba farashin sabuwar Carbon Copy a Amurka, sai ka lissafa da canjin yau ka ƙara kuɗin jigila, ka ga ko farashin da aka ba ka zai yiwu. Idan da hali, shago mai adireshi da rasit ya fi, ko da da ɗan ƙari, don kana da inda za ka koma.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ka yi shiru, shirun nan ne yake ba shi damar kama na gaba. Ka kira bankinka nan take ka ba su lambar asusun da shaidar tura kuɗin, ka ɗauki hoton duk hirarku kafin ya goge nasa ɓangaren, ka kai ƙara ofishin 'yan sanda ko EFCC, ka kuma kai rahoton shafin ga Facebook. Fedar ma kada ka yar da ita, ka ajiye ta da kwalinta da takardar direban da ya kawo, domin su ne shaidarka. Don Allah ku tura wannan zuwa zaurukan mawaƙa da na masu gyara da kuke ciki.