Situdiyon da na ɗauki waƙata a Jidda

Tun da na tura waƙar nan ake ta tambayata a ina na ɗauka, to wani ɗan ƙaramin situdiyo ne a wajen unguwar Karantina, ɗaki ɗaya a saman wata bagala, wato kantin kayan masarufi, bango duk an manna masa soso, kwamfuta ɗaya mayik ɗaya, sai wani tsohon udu, abin kiɗan Larabawa mai tsirkiya, jingine a lungu. Mai wurin Bahaushen Sudan ne, asalinsa ɗan Mai Wurno, a Khartum yake sana'ar kiɗa har yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, daga baya ya tsallako ta Bur Sudan.

Ni da baitocin kuri na je masa wlh, irin na ni namiji ne ba na tsoron kowa, saboda ainihin abin da na rubuta kunyarsa nake ji na bi na soke da biro. Yana shan shayi yana duba littafin sai ya ɗora yatsa a kan layin da na soke, inda na ce ni ne mai kashe fitila in an ƙwanƙwasa ƙofa da dare, ni ne mai canza hanya in na hango motar jawazat, jami'an shige da fice. Ya ce ƙanena waƙarka ai ga ta nan, me ya sa ka binne ta? Na ce Yaya mutane za su ce na cika rauni. Bai ja maganar ba, ya ce shi ma har yau in wani abu ya faɗi da ƙarfi a waje sai gabansa ya yanke ya faɗi, ya miƙo min abin sawa a kunne.

Duk wanda aka haifa a nan ya girma da zancen igama, takardar izinin zama, da tarhil, wato a tasa ƙeyar mutum zuwa ƙasarsu, ya san wannan tsoron, amma a waƙoƙinmu ba ma faɗa, sai soyayya sai habaici. Da na zo baitin ƙarshe, wurin da na ce na daina faɗa da yaron nan mai rawar jiki da ke cikina, na kama hannunsa mu tafi tare, muryata ta karye, na ce ya goge mu sake ko ya rufe da otochun mai gyara murya. Ya gyara sauran wurare amma nan ya ƙi taɓawa, ya rage kiɗan ma ya bar udu kaɗai a ƙasa. Sautin Sudan da namu dama kusan jini ɗaya ne, ya zauna daram.

Inda ban ji daɗi ba, dole a kashe mukayyif, wato AC, lokacin ɗauka saboda ƙararsa na shiga mayik, a zafin Jidda kuwa minti 20 rigarka ta jiƙe sharkaf. Kuma ya ce kwana 3 zan karɓa sai da na yi kwana 9 ina bin sa a WhatsApp, shi kaɗai ne ba mataimaki. Kuɗinsa dai da sauƙi, har ya bar ni na raba biyan kashi biyu.

Masu neman kiɗan biki mai gangi su nemi wani wurin, ba fanninsa ba ne. Ni akwai wasu baitoci 2 da na soke a kan rashin lafiyar Umma, su zan kai masa bayan sallah in sha Allah, da tawul ɗina.