Tafkunan tsaunukan Alps: wanne za ka zagaya idan yini ɗaya ne kawai a hannunka?

Tun da na dawo daga tafiyar bara na nuna hotunan wani tafki a waya, ban huta ba. A ƙofar masallacin unguwarmu a Agege, a teburin mai shayi, har a wajen 'yan canji, tambayar ɗaya ce: "Alhaji, ina ne nan? Mutum irina zai iya zuwa?" Yawancin masu tambayar abokan sana'ata ne, waɗanda sayen motoci da kayan gyaransu ke kai su Jamus ko Italiya sau ɗaya ko biyu a shekara, su gama lodin kwantena, ya rage musu yini guda kafin jirgin dawowa Legas. Ba mahaya dutse ba ne. Hawan da suka fi sabawa da shi shi ne gadar masu tafiya a ƙasa ta Oshodi. Tafkuna shida na tsaunukan Alps da ke Turai ƙafata ta taka a cikin 'yan shekarun nan, kuma ba zan ɓoye ba, akwai wanda na fi so.

Eibsee ne, a kudancin Jamus, jihar Bavaria, kusa da garin Garmisch-Partenkirchen. Yana kwance a gindin Zugspitze, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Jamus, mita 2,962. Shi kansa tafkin yana kan mita 973 daga saman teku, kuma wannan lambar ce ta fara saye ni. Mu da muke kwana muna tashi a bakin teku, huhunmu bai san iskar can sama ba. A mita 973 ba za ka ji komai ba sai sanyin da ke ratsa riga.

Hanyar da ta zagaye tafkin kusan kilomita 7 ce, mai faɗi, an shimfiɗa mata tsakuwa, kuma galibinta cikin inuwar itatuwa take. Akwai 'yan hawa da gangara, amma babu wanda zai sa ka dafa gwiwa. Awa biyu ta isa, uku idan kai mai tsayawa ɗaukar hoto ne, kuma za ka tsaya. Ruwan garai-garai yake, kana ganin duwatsun ƙasansa kamar ka miƙa hannu ka ɗauka, launinsa tsakanin kore da shuɗi, da ƙananan tsibirai takwas a warwatse a ciki. Ka bi ta gefen arewa tun da safe, domin daga can ne za ka ga tsibiran a gabanka, dutsen a bayansu, inuwarsa kuma a cikin ruwa kafin iska ta tashi ta ɓata ta. Masana sun ce zaftarewar wani ɓangare na dutsen ce ta haifar da tafkin shekaru fiye da 3,000 da suka wuce, tsibiran nan ma ragowar tarkacen ne.

Zuwan ma ba wahala. Daga babbar tashar Munich jirgin ƙasa zai kai ka Garmisch cikin abin da bai kai awa ɗaya da rabi ba, daga nan ka hau ƙaramin jirgin Zugspitze ko bas, ka sauka a tashar Eibsee, ka gangara bakin ruwa da ƙafa. Ba ka biyan kuɗin motar igiya, wato kejin nan da ke ratayuwa a waya yana hawa dutse, kafin ka ga tafkin. In kana so ka hau kan Zugspitze, motar igiyar da aka buɗe a Disamban 2017 tana nan a bakin tafkin, minti goma ka isa ƙoli, amma wannan ganin dama ne, kuma aljihu zai ji a jikinsa. Aibin wurin guda biyu ne. Na farko cunkoso, musamman Asabar da Lahadi. Na biyu, idan rana ta buɗe a Yuli da Agusta Turawa kan cika bakin ruwan da kayan wanka. In da iyali za ka je, ka sammako, ko ka bari sai Satumba.

Wanda ke bin sa a wurina shi ne Oeschinensee a Suwizalan, sama da ƙauyen Kandersteg, kan mita 1,578. Gaskiya in kyau zalla ake magana ya fi Eibsee ban mamaki: bangon dutse ya kewaye shi, ruwa na zubowa daga ƙanƙarar dutsen Blüemlisalp, kuma yankin yana cikin wuraren tarihi na UNESCO tun 2007. Daga inda motar igiya ke sauke ka zuwa bakin ruwa tafiyar kamar rabin awa ce. Sai dai ba a zagaye shi cikin sauƙi, hanyar da ke bi ta sama ta masu ƙarfin gwiwa ce, wasu sassan ma akan rufe su saboda dutse mai motsi. Ga kuma kuɗin Suwizalan, faran, wanda in ka juya farashin kofin shayi zuwa naira sai ka ji ƙishin ya tafi da kansa. Shanu na kiwo a gefen hanya da ƙararrawa a wuya. Wani abokina Bafulatani da muka je tare ya manta da tafkin gaba ɗaya, ya tsaya yana ƙiyasta kuɗin kowace saniya a kara. Kada ka kusanci wadda ke da ɗan maraƙi, ba ta san wasan Fulani ba.

Riffelsee da ke sama da garin Zermatt a Suwizalan wurin hoto ne kawai: ka sauka daga jirgin Gornergrat a Rotenboden, minti goma ka ga inuwar dutsen Matterhorn a cikin ruwa, ka juyo kana haki a mita 2,757. Lago di Braies na arewacin Italiya kyakkyawa ne, zagayensa bai kai kilomita 4 ba, amma jama'a kamar kasuwar Balogun ana jajiberin salla, kuma a tsakiyar lokacin zafi sai ka yi rajista tun da wuri kafin a bar motarka ta shiga kwarin. Bled na Sloveniya kuwa yawon gari ne a bakin ruwa, kilomita 6 a kan kwalta.

Saura Bachalpsee, kuma shi ne ya koya mini yadda ake auna tafki.

Yana sama da Grindelwald a Suwizalan, kan mita 2,265. Ana hawa motar igiya zuwa tashar First, sannan a taka kusan kilomita 3, kamar awa ɗaya. Kowa zai ce maka hanya ce mai sauƙi, kuma ba ƙarya suka yi ba. Abin da ba sa faɗa shi ne babu bishiya ko ɗaya, babu inuwa, kuma duk abin da ya same ka a bakin tafkin, kilomita ukun nan suna jiranka ka maimaita. Ni abin da ya same ni takalmi ne. Na saye shi a wata kasuwar gwanjo a nan Legas mako guda kafin tafiya, fata mai kyau, tafinsa ko ƙwarzane babu, mai kayan ya rantse mini Bature ne ya sa shi sau ɗaya ya ajiye. Muna isa bakin ruwa na ji ƙafar dama tana wani lakaf-lakaf. Na duba, tafin ya buɗe baki kamar kada. Kafin in yi taku ɗari na hagu ma ya bi sahu, wani baƙin gari yana zubowa daga ciki. Da igiyar takalmin da ledar burodi na ɗaure su, na dawo ina jan ƙafa a kan tsakuwa mai sanyi, tsofaffin Turawa da sandunansu suna wuce ni suna gaisuwa. Saura kaɗan motar igiya ta ƙarshe ta tafi ta bar ni.

Tun daga ranar, tambayar da nake fara yi wa kowane tafki ita ce: in wani abu ya lalace, yaya nisan komawa, kuma akwai agogon da nake tsere da shi? A Eibsee hanya a buɗe take, mutane na wucewa kowane lokaci, babu motar igiyar da za ta rufe ta bar ka a sama.

Shi kuwa mai takalmin, daga baya na gane mai yiwuwa bai ma yi mini ƙarya ba, kuma wannan ne abin tsoron. Takalman hawan dutse da yawa suna da wata roba mai laushi tsakanin tafi da fata, ana kiranta PU. Wannan robar tana shan laimar iska a hankali, tana ruɓewa daga ciki, ko da takalmin yana ajiye a kwali ba a taɓa sa shi ba. Ajiyar ma ta fi kashe ta a kan sawa. To ka ɗauki takalmin da ya shekara bakwai ko takwas a ɗakin ajiyar wani a Turai, ya yi makonni a kwantena a kan teku, ya zo ya zauna a laimar Legas. Sama sabo fil, ciki gari. Araha ba ta ado.

In dole sai gwanjo, ka ɗaga harshen takalmin ka duba takardar da aka ɗinka a ciki, kamfanoni da yawa suna buga wata da shekarar ƙira a nan. Ka danna farcen babban yatsa a robar tsakiya: in ta farfashe, ko ta yi danƙo, ko ramin bai cike ba, ajiye musu kayansu. Ka lanƙwasa shi da ƙarfi a gaban mai shi, ka duba ko tsaga ta bayyana a gefe. In ya hana ka lanƙwasawa, ya ba ka amsa ke nan.

Sabon ma bai tsira ba. Akwai jabu a ko'ina, a shaguna da kuma shafukan Instagram da Facebook. Alamar Vibram, kamfanin da ke ƙera tafin takalmi, 'yar rawaya mai kusurwa takwas da ke ƙarƙashin tafi, a takalmin gaskiya tana zaune daram a cikin robar, a jabu kuwa sau da yawa liƙa ta aka yi, farce na iya ɗaga ta. Rubutun Gore-Tex ma, sunan yadin da ke hana ruwa shiga, kowa na iya ɗinka shi a jikin tsumma. Ka shinshina ciki, jabu warin gam yake yi. Ka duba ɗinki, ka gwada nauyin ƙafa biyun a hannu. Kuma duk wanda ya ce zai ba ka sabon takalmin babban kamfani a kuɗin da bai kai na silifas mai kyau ba, kai ma ka san abin da kake saya. Gaskiyar magana, don zagayen Eibsee ba ka ma buƙatar takalmin hawan dutse. Kambas ɗinka da ka saba da shi, mai tafi mai kama ƙasa, ya wadatar. Wannan ma wani maki ne da na ƙara wa tafkin.

Kowanne ka saya, ka yi mako biyu kana yawo da shi a nan kafin tafiya. In kana son gwaji na gaske, ka hau jirgin ƙasan Ibadan ka sauka Abeokuta, ka hau matakalan dutsen Olumo ka sauko. Takalmin da zai mutu gara ya mutu a inda akwai mai gyara a bakin titi.

Sai 'yan ejan. Wani maƙwabcina ya biya wani mai ofis a saman bene kuɗin abin da ya kira cikakken shiri, da otal da inshora da tikitin motar igiya. Hoton da aka nuna masa a matsayin Suwizalan, na Lago di Braies ne na Italiya, ni na gane shi da ganin kwale-kwalen katakon. Tikitin kuma hoton tikitin wani ne da aka riga aka yi amfani da shi, sai a bakin ƙofa na'ura ta ƙi shi. Ka riƙe waɗannan: kuɗin bizar Schengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, ga babba yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Inshorar lafiya dole ta kai ta yuro 30,000, kuma ka kira kamfanin da kanka ka tabbatar lambar takardarka tana cikin rajistarsu, domin jabun inshora ba ya bayyana sai ranar da ka karye a kan dutse. Babu ejan ɗin da ke da ikon ba da biza, duk wanda ya ce ya tabbatar maka da ita kuɗinka yake so. Ana neman biza ne a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Jamus, Italiya, Suwizalan da Sloveniya duk suna cikin Schengen, biza ɗaya ta ishe su. Tikitin jirgin ƙasa da na motar igiya kuwa, saye shi a tasha ko a shafin kamfanin, ba ta hannun kowa ba.

Lokacin zuwa Yuni zuwa Satumba ne, daidai da daminarmu. Tafkunan da suka haura mita 2,000 kan iya kasancewa da ƙanƙara har cikin Yuni. Zafi na raguwa da kusan digiri 6 a duk mita 1,000 da ka hau, don haka ka sa rigar sanyi da ta ruwa a jaka ko da gari ya waye tas, kuma ka gama yawonka kafin la'asar, lokacin da hadari ya fi tasowa. A Suwizalan alamar hanya mai ruwan ɗorawa ita ce taka, hanya mai sauƙi. In ka ga fari-ja-fari ka shiga hanyar dutse, in ka ga fari-shuɗi-fari ka juya, ta ƙwararrun mahaya dutse ce. Lambar neman agaji 112.

Abinci ka yi guzurinsa daga gari. Kusa da tashar Munich akwai shagunan Turkawa masu naman halal, ka sayi abin da za ka ci ka sa a jaka da gorar ruwa. A wuraren cin abincin bakin tafki ka kula da kalmomin Schwein da Speck, duk alade ne. Rana ba ta faɗuwa a Yuni sai bayan ƙarfe tara na dare, saboda haka ka duba lokutan salla na can, kada ka bi na Legas da ke kanka. Na yi alwala da ruwan Eibsee na yi kasaru a kan wani faffaɗan dutse a gefen arewa, yatsuna sun yi minti biyar kafin su dawo nawa. Ka tafi da ƙaramin tawul da safa ta biyu.