Rada ta X ko ta S: wacce za ka dogara da ita a ɗakin tuƙi?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce jirgin da aka tura shi yana da rada biyu, ɗaya X, ɗaya S. Hoton X ya fi fitowa tas, don haka ita kowa ke kallo, S kuwa kusan kullum a kashe take. Yana so ya san ko S ɗin ajiya ce kawai don ranar da X ta lalace, kuma ko kulawarsu iri ɗaya ce.

Ɗan'uwa, ba ajiya ba ce. Ranar da za ka fi bukatar S ita ce ranar da X take lafiya lau amma ruwan sama ya rufe mata ido.

Daga zango bambancin ya taso. X tana aiki a wajajen gigahaz 9.4, tsawon zangonta kimanin santimita 3. S tana wajajen gigahaz 3, zangonta santimita 10. Yarjejeniyar SOLAS ta kare rayuka a teku, babi na 5, ƙa'ida ta 19, ta wajabta ta gigahaz 9 a kan duk jirgin da ya kai tan 300 a ma'aunin girma, da kowane jirgin fasinja komai ƙanƙantarsa. Idan jirgi ya kai tan 3,000 sai an ƙara ta biyu mai zaman kanta, ta gigahaz 3, sai fa in hukumar ƙasar da ya ɗauki tutarta ta yarda a sa wata ta gigahaz 9.

Tsabtar hoton X ta fito ne daga siririn harbinta, wato siginar da take aikawa ta dawo mata da amsa. Eriyar X mai tsawon mita 2.4 tana fitar da harbi mai faɗin kusan digiri 1. Ta S, duk da ta kai mita 3.6 ko fiye, nata ya kusa digiri 2. A nisan mil 6 na teku, digiri 1 ya kai faɗin kimanin mita 190, digiri 2 kuwa kusan mita 390. To ka ga jirage biyu da ke tafe gefe da gefe da tazarar mita 300 a tsakaninsu, X za ta raba maka su, S kuwa tana iya dunƙule su ta ba ka tabo ɗaya. A mashigar tashar jiragen ruwa, ko a kogi, ko wajen ɗaukar kusurwar wani tsinin gaɓa don tabbatar da inda kake, X ce gwanar. Haka ma ƙananan abubuwa a ruwa mai kwanciya: kwale-kwalen katako ko na faiba, da alamomin da ke shawagi a bakin hanya. Ƙarfen nan da ƙananan jirage ke ratayawa don rada ta gan su ma ya fi amsa wa X nesa ba kusa ba.

Akwai abu ɗaya da S ba ta gani sam, wato SART, na'urar da mutanen da suka bar jirginsu ke kunnawa a cikin kwale-kwalen ceto. A gigahaz 9 kaɗai take amsawa. Tana fitowa a allon X a matsayin ɗigo 12 a jere, daga inda take zuwa waje, kuma an fi ganinta a ma'aunin mil 6 ko 12. In ka matso kamar mil 1, ɗigon sai su buɗe su zama baka-baka, daga baya su zama da'irori. Duk wanda ya shiga aikin nema da ceto yana kallon S kaɗai, zai iya wuce mutane ta gefensu bai sani ba.

Da hadari ya sauko, labari ya juya. Ɗigon ruwan sama yana mayar da gajeren zango da ƙarfi ƙwarai. A lissafi, idan zango ya ragu sau uku, amsar da ɗigon ke mayarwa tana ninkuwa sau tamanin zuwa casa'in. Faɗin harbin S yana cinye wani ɓangare na wannan riba, amma abin da ya saura yana da yawa. Matsalar X a nan biyu ce, kuma ta biyun ta fi haɗari. Ta farko ana ganinta: allo ya cika da farin gajimare. Ta biyu ba a ganinta: ruwan yana shanye ƙarfin harbin a tafi da dawowa, sai bayan hadarin ya fito fes kamar babu kowa, alhali akwai jirgi a can. Maɓallin RAIN yana rage ta farko, ba ya yin komai game da ta biyu. S tana ratsa ruwan da ɗan asara kaɗan. A teku mai tashi ma haka ne, tarkacen da taguwar ruwa ke jefawa a tsakiyar allo ya fi kauri a X. Hazo kuwa, in ba mai kauri sosai ba ne, bai cika damun ko ɗayarsu ba.

Saboda haka a buɗaɗɗen teku tsarin da ya fi ma'ana shi ne a kunna su tare, kowace da aikinta: S a mil 12, ana leƙa mil 24 lokaci-lokaci, X a mil 6 ko 3 don abin da ke kusa. Ƙa'ida ta 7 ta dokokin kauce wa karo na 1972 ta bukaci a riƙa duba nesa don samun gargaɗi da wuri, ta kuma hana yanke hukunci a kan bayanin rada da bai cika ba. Jiragen ruwan Andrea Doria da Stockholm duk sun ga juna a rada kafin su yi karo cikin hazo kusa da Nantucket a Yulin 1956. In ana ruwa ko teku ya tashi, bibiyar jirage ta ARPA, na'urar da ke lissafa tafiyarsu da kanta, ta fi tsayawa a kan S, domin a cikin tarkace ne na'urar ke sakin jirgi ko ta musanya shi da wani. Ko a wacce ka kama jirgi, ka ba ta minti 1 kafin ka yarda da inda ya dosa, minti 3 kafin ka yarda da tazarar da zai wuce ka. Kuma don kauce wa karo, gudun jirgi a cikin ruwa ake ba ta, ba gudunsa a kan ƙasa na GPS ba, in ba haka ba kibiyoyin da ke kan allo za su nuna maka fuskar da ba ita jirgin ya ba ka ba.

Saitin iri ɗaya ne, amma kowace a kanta ake yi. Mayar da SEA (maɓallin rage tarkacen taguwa) da RAIN sifili, ka hau ma'auni mai nisa, ka ɗaga GAIN (ƙarfin karɓar amsa) har ɗan yayyafin ɗige-ɗige ya fara bayyana a bango. Daidaita TUNE (mai saita karɓa da zangon harbi) a kan wani abu mai rauni da ke nesa har ya fi fitowa. Sannan ka sauko ma'auni na kusa, ka ɗaga SEA a hankali har dunƙulen tsakiya ya farfashe ya zama ɗige-ɗige, ka tsaya nan. A ɓangaren da iska ke fitowa dole wasu su saura. Allon da ya yi baƙi ƙirin a tsakiya ba tsabta ba ce, an goge kwale-kwale ne tare da taguwar. Wannan kuskure ya fi yawa a X, don tarkacenta ya fi ba mutum haushi. Don ganin abin da ke cikin ruwan sama, gajeren bugu (wato harbi na gajeren lokaci) da ɗan RAIN. Don ganin abin da ke bayansa, dogon bugu a sauke RAIN. Ka tuna bugun da ya kai mikrosakan 1 ba ya raba abubuwa biyu da ke bin juna in tazararsu ba ta kai mita 150 ba, kuma RAIN mai yawa yana dusar da amsar SART da ta rakon, na'urar da ke kan fitilar gaɓa ko alamar hanya mai amsa wa rada da harafin Mos.

Wuraren makanta ma ba ɗaya ba ne, tunda ba wuri ɗaya aka kafa eriyoyin ba. Bututun hayaƙi, turaku da injinan ɗaga kaya suna tare harbi ko su haifar da jirgin ƙarya. Ya kamata zanen makantar kowace ya kasance a manne kusa da allonta.

Ta fuskar kulawa, zuciyar kowace ita ce magnetiron, wadda ke samar da ƙarfin harbi, kuma ba ta mutuwa farat ɗaya, tsufa take yi a ɓoye. Nisan gani yana bin tushe na huɗu na ƙarfi: in ƙarfin ya faɗi rabi, nisan da ake hango ƙaramin abu kashi 16 cikin ɗari kawai zai ragu, sai ƙarfin ya ragu sau 16 kafin nisan ya koma rabi. Manyan jirage da gaɓa za su ci gaba da fitowa ɓaro-ɓaro, ƙananan ne ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya lura. Maganin wannan shi ne na'urar gwajin ƙarfi da ke jikin radar, wadda aka rubuta wa PM. A gwada kafin tashi, da kuma a kowane zagayen tsaro in yanayi ya bari, a kan ma'aunin da littafin na'urar ya faɗa, a rubuta sakamakon a gwama shi da na ranar da aka sa sabuwar magnetiron. Ba a yin gwajin a cunkoso, don hoton yana lalacewa na ɗan lokaci. Rayuwar magnetiron 'yan dubban awanni ce, shekara kuwa awa 8,760 ce, ka ga wadda ke harbi dare da rana ba ta da dogon kwana. Ta X ba ta shiga gurbin ta S, kowace da tata ajiyar. Bayan sauyi a bar ta ta ɗumama kamar rabin awa ko yadda littafin ya ce kafin a yi harbi, a sake TUNE, a mayar da ƙidayar awanni sifili.

Barin S a kashe wata da watanni ba tattali ba ne. Danshi yana taruwa a cikin akwatin, giris yana daskarewa, kuma magnetiron da ta daɗe a kwance tana bukatar ɗumi mai tsawo kafin ta ɗauki cikakken ƙarfi. Ƙa'idar hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, mai lamba MSC.192(79), wadda ta hau kan radar da aka kafa daga 1 ga Yuli 2008, ta ba da minti 4 daga kunnawa a sanyi, daƙiƙa 5 daga zaman jira. Minti 4 yana da tsawo in hadari ya riga ya rufe ka.

A sama, gishiri da baƙin hayaƙi da ke manne a fuskar eriya sun fi cutar da X. Ruwan daɗi da tsumma mai laushi sun isa. Ba sinadarin narkar da fenti, ba kankarewa, kuma ba a shafa wa fuskar fenti ko kaɗan. A gaya wa masu fentin turke wannan tun kafin su hau. In akwatin harbi yana ƙasa, X tana aika ƙarfinta ta bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, wanda ɗan ruwa ko lotsawa a jikinsa ke kashe hoto. S galibi kebur mai kauri take amfani da shi, a duba bakin haɗinsa. Wahalar S ta inji ce: eriya mai nauyi, iska na dukanta, don haka giya, boris, bel ko burushin mota, da notocin gindi su ne abin dubawa. Sabon ƙara ko girgiza ba abin jira ba ne. A duka biyun a duba robar murfi, wayar ƙasa, da layin gaban jirgi: a auna kusurwar wani abu mai nisa da ido, a gwama da ta rada, bambancin kada ya wuce digiri 1.

Wanda zai hau turke, zaman jira bai isa kariya ba, danna maɓalli ɗaya ne tsakaninsa da eriya mai juyawa. Takardar izinin hawa, kashe wuta daga tushe, kwaɗo, allon gargaɗi a ɗakin tuƙi, sannan makashin da ke jikin akwatin eriyar. Duka biyun ake kashewa ko da ɗaya za a taɓa. Eriyar S mai juyi 24 a minti, bakinta yana gudun fiye da mita 4 a daƙiƙa, ya isa ya jefo mutum ƙasa, kuma iska na iya juya ta ko babu wuta. A ɗaura igiyar tsaro, a kuma hana busa ƙahon jirgi. Littafin kowace rada yana ba da tazarar da ƙarfin harbi ke kai wat 100 da wat 10 a murabba'in mita. Kada a tsaya a gaban eriyar da ke harbi a tsaye, kada a leƙa bututu a buɗe. A cikin akwati akwai dubban bolt, kafasito na riƙe caji bayan an kashe, sai an jira an sauke shi. Maganaɗisun magnetiron yana fizgar sukudireba, yana lalata agogo, a nisanta shi da kamfas, mai na'urar bugun zuciya kuma kada ya matso.

A jirgin dakon mai da ke jingine a tasha akwai ƙarin bambanci: ISGOTT, littafin jagoran tsaron jiragen dakon mai da tashoshinsu, ya yi gargaɗin cewa rada mai ƙarfi ta santimita 10 na iya haifar da caji a ƙarafan da ke kusa a gaɓa, don haka ba a kunna ta ko gwada ta lokacin lodi sai da yardar tasha.

In S ɗin jirginku sabuwar ƙira ce marar magnetiron, mai harbi da 'yan ɗaruruwan wat maimakon kilowat 30, batun ɗumi da sauyin magnetiron ya faɗi, amma eriya da giya suna nan yadda suke. Ita kuma ba lallai ta tayar da rakon ba, don ƙa'idar ta 2008 a kan X kaɗai ta ɗora wannan sharaɗi. Ka duba littafinta kafin ka zauna jiran harafin Mos ɗin wata fitilar gaɓa a allonta.