Fender Stratocaster ƙirar Meziko: a saita ta kafin a yanke mata hukunci

Jitar da nake sharhi a kanta ita ce Stratocaster ta jerin Player, wadda Fender ta fara fitarwa a 2018 daga masana'antarta ta Ensenada a Meziko. Ra'ayina bayan kaɗa ta a gida da kan dandamali shi ne kaya ce mai kyau ƙwarai, amma ba ta fitowa daga kwali a shirye. Yawancin ƙorafin da ake yi a kanta, na saurin kwancewar sauti da taurin tsirkiya, matsalar saiti ce, kuma da sukudireba da alanki ake maganinta.

Hakan ya samo asali ne daga wanda ya ƙera ta. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba. Da ya fito da Stratocaster a 1954, tare da taimakon Freddie Tavares da shawarwarin makaɗa irin su Bill Carson, tunanin makaniki ya sa a ciki. Wuyan ba a manne shi da gam ba, sukurori huɗu ne suka riƙe shi. Na'urorin ɗaukar sauti guda uku, waɗanda makaɗa ke kira fikof, da wayoyinsu da maɓallansu duk a jikin farantin roba ɗaya suke, ana ɗaga su gaba ɗaya. Jakin da tsirkiyoyi ke hawa yana da 'yan ƙarafa shida, kowace tsirkiya da nata, ana ɗaga shi ko a matsar da shi gaba ko baya. An kuma rarake bayan gangar jikin da inda hannun dama ke sauka don kada katako ya riƙa cin haƙarƙari. Farashinta a lokacin dala 249.50 ne.

Siffar ba ta sauya ba, amma ƙananan abubuwa sun yi ta sauyawa. A 1956 aka koma katakon alda maimakon ash a yawancin launuka. A 1959 aka ɗora allon roswud mai duhu a kan wuyan mapul, farantin roba ya koma mai ninki uku da sukurori 11 maimakon 8. Sai kamfanin CBS ya sayi Fender a Janairun 1965 kan dala miliyan 13. A zamaninsa kan jitar ya ƙara faɗi, fenti ya yi kauri, sannan a 1971 aka mayar da sukurorin wuya uku. Ana yawan ɗora wa sukurori ukun laifi, amma a ganina babban laifin na ramin da wuyan ke zama ne, wanda aka riƙa yanka shi da faɗi a waɗancan shekaru, har wuya ya riƙa gocewa gefe idan an ja shi. Abu ɗaya mai amfani da zamanin ya bari shi ne makunnin zaɓen fikof mai matsayi biyar na 1977. Kafin nan uku ne kawai, makaɗa suna maƙale shi a tsakani don haɗa fikof biyu. A 1985 William Schultz da abokan aikinsa suka sayi kamfanin daga CBS, a 1987 kuma suka fito da samfurin American Standard mai firet 22, wato 'yan ƙarafan da ke jere a kan wuya inda ake danne tsirkiya, da jaki mai tsayawa kan ƙusoshi biyu. Wannan tsarin ne Player ta gada: firet 22, tsawon tsirkiya milimita 648, lanƙwasar allon wuya inci 9.5 maimakon 7.25 na da. Bambancin nan na ƙarshe hannu yana jin sa, domin a tsohon allo idan ka tura tsirkiya sama a firet na 15 sauti kan shaƙe, a wannan kuwa yana wucewa ko da tsirkiyoyin suna ƙasa-ƙasa.

Wajen sauti, matsayi na biyar na makunnin, wato fikof na kusa da wuya, shi ne mafi daɗi a wannan jitar: cikakke, mai taushi, kuma kowace tsirkiya ana jin ta daban. Nan ne Jimi Hendrix da Stevie Ray Vaughan suka yi aiki da yawa. Na biyu da na huɗu suna ba da siririn sautin nan mai ɗan toshewa da aka san Mark Knopfler da shi. Na ɗaya, na kusa da jaki, yana da kaifi har ya soki kunne. A tsohon tsari babu maɓallin rage kaifi a kansa ko kaɗan, amma a Player an haɗa shi da maɓallin rage kaifi na biyu, kuma idan aka sauke shi zuwa 6 ko 7 sai ya zama abin amfani. Wannan gyara ne na gaskiya.

Aibin da ba ya tafiya shi ne gunji. Fikof mai naɗi ɗaya yana kwasar ƙugin wutar lantarki, kuma inda ake aiki da janareta ko soket marar wayar ƙasa abin ya fi muni. A matsayi na biyu da na huɗu gunjin yana ɗaukewa, saboda fikof na tsakiya an naɗe shi a juye, maganaɗisunsa ma a juye. A sauran ukun yana nan. Liƙa takardar jan ƙarfe a cikin ramukan da bayan farantin, a haɗa ta da wayar ƙasa, yana rage zizar da ake ji idan an ɗauke hannu daga tsirkiya, amma ba ya kashe ƙugin gaba ɗaya. Wanda ba zai jure ba, ya nemi samfurin HSS mai fikof mai naɗi biyu a wajen jaki.

Saiti yana da jeri, kuma idan aka karya jerin sai an sake aiki. A fara da wuya. A sa kafo, wato matsin da ke danne tsirkiyoyi duka, a firet na farko, a danne tsirkiya mafi kauri a firet na ƙarshe, a duba tazarar da ke tsakaninta da firet na takwas: milimita 0.25 ake nema, kusan kaurin katin gaisuwa. Idan ta fi haka, a ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya da alanki mai inci 3/16 ta wajen kai, kwata ɗin zagaye kawai, a bar katako ya zauna kafin a sake aunawa. Idan ta yi tauri kada a tilasta, sandar na iya lalacewa. Bayan nan sai tsayin tsirkiya, milimita 1.6 a firet na 17. Sannan daidaiton sauti: idan sautin da aka danne a firet na 12 ya haura na asali, a ja ƙarfen tsirkiyar baya, idan ya gaza a tura shi gaba. Fikof shi ne na ƙarshe. Da tsirkiya a danne a firet na ƙarshe, a bar kimanin milimita 2 zuwa 2.4 a gefen masu kauri, 1.6 zuwa 2 a gefen sirara. Mutane suna ɗaga fikof don neman ƙarfi, sai maganaɗisu ya riƙa jan tsirkiya, sautin masu kauri ya riƙa rawa, ya ƙi daidaituwa ko da na'urar saiti.

Tiremolo, wato tsarin da ke sa jaki ya motsa da 'yar sanda don karkaɗa sauti, shi ne inda aka fi wahala. Jakin yana tsaye ne tsakanin jan tsirkiyoyi da jan sifirin uku da ke bayan jita, masana'anta kuma tana barin bayansa a ɗage kamar milimita 3. Idan tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar duk sun tashi daga saiti. Haka idan aka sauya kaurin tsirkiya daga lamba 9 da jitar take zuwa da ita zuwa 10, jakin zai ɗago sai an ƙara ɗaure sukurori biyun da ke riƙe sifirin. Ga wanda ba ya amfani da sandar tiremolo, shawarata a ɗaure su har jakin ya kwanta a kan katako, ko a sa sifirin biyar. Eric Clapton ma guntun katako yake cusawa a bayan nasa don kada ya motsa. Kuma sau da yawa ba jakin ne ke kwance sauti ba, tsagin da tsirkiya ke bi a saman wuya ne ke riƙe ta. Alamarsa ƙaramin “ƙis” lokacin murɗa kunnen ɗaure tsirkiya. A goga bakin fensir a cikin tsagin, idan bai isa ba a ɗan buɗe shi da magagarin da ya dace da kaurin tsirkiyar.

A ƙasashen da ke da hunturu akwai ƙarin abu. Iska ta bushe, katakon wuya ya tsuke, ƙarfen firet kuwa ba ya tsukewa, sai bakinsa ya fito yana yankar hannu. A goge shi da ƙaramin magagari a tsakiyar hunturu, lokacin da ya fi fitowa, ba zai sake damu ba. Wuyan ma zai nemi a taɓa shi sau biyu a shekara, da shigar damina da shigar rani. Duk da haka jita ce mai jure wahala. Mdou Moctar na Nijar, wanda bahago ne, da farar Stratocaster ta 'yan hagu aka fi saninsa, kuma saurin yatsun kiɗan Abzinawa yana fita sarai a irin wannan fikof.

Mai sayen ta hannu ya duba lambar da ke bayan kai: ta jerin Player tana farawa da MX, sai lambobi biyu na shekara, kamar MX19. Wannan lambar wuya kaɗai take shaida, tunda sukurori huɗu ne tsakaninsa da kowace gangar jiki, don haka a ɗaga farantin a ga fikof da wayoyi. A gwada sandar wuya ta juya hagu da dama, a kuma duba firet biyar na farko ko tsirkiya ta ci su har sun yi rami, domin sauya firet aiki ne mai tsada da ya kamata a cire daga farashi.